Sai Ka Ga Fata

Otter Ford, Nebraska
14 ga Nuwamba, 1994

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙirjin? 'Yar'uwata Lorraine ta ce tun da ka koma wurinta a Arizona tarin ya ragu, har kana zagaya gida da ƙafa kafin rana ta yi zafi. Ka gaishe ta da mijinta. Mu nan lafiya lau. An gama girbin masara, sanyi ya sauka, matata Marlys tana gaishe ka.

Na san da kunnenka yana jin waya da tun Asabar ka bugo, don haka ga labarin wasan ƙwallon Amurkan da muka yi wa alƙalanci.

Ƙarfe ɗaya na rana muka fara, a filin Harlow, su da Brandt Falls. Wanda ya ci shi zai je wasan ƙarshe na jiha, kuma rabon Harlow da kaiwa nan shekara talatin da ɗaya. An rufe shagunan garin, har da na aski. Alƙalai mu biyar ɗin da ka sani ne: Lyle Sorensen shugabanmu da farar hularsa, ni a tsakiya inda ka tsaya duk rayuwarka, Duane Hruska a layin da ke gefen 'yan Harlow, sai 'yan Amundsen biyu.

Wasa ne mai tsabta. Sau huɗu kawai muka jefa ƙyallen rawaya na nuna laifi, kuma duka huɗun ba wanda ya yi musu, in ban da wani tsoho mai jar hula da ya wuni yana kiranmu makafin jakunan dawa. Ana saura sakan arba'in da takwas, Brandt Falls suna da goma sha bakwai, Harlow goma sha uku, ƙwallo tana hannun Brandt Falls, yunƙuri na uku cikin huɗu. Lokaci kawai suke so su cinye. Suka miƙa wa mai gudunsu, ya kutsa tsakiya, aka taru a kansa. Bai kai ƙasa ba aka fizge ƙwallon, ta faɗo tana birgima. Wani ɗan Harlow mai lamba arba'in da huɗu ya sure ta, ya yi yadi sittin da takwas har layin ci ba wanda ya taɓa ko rigarsa, cin da zai ba Harlow nasara.

Amma usur ya riga ya tashi tun tana birgima.

Hayaniya ta hana yawancin mutane ji. Duane ya ji, sai ya shigo a guje yana ɗaga hannuwa, yana busa nasa don a tsaya. Muka haɗu mu biyar a tsakiyar fili, mutum dubu uku suna rungumar juna a bayanmu. Lyle ya ce, "Usur na wa?" Duane ya ce, "Ni dai na bi bayan wanda na ji." Lyle ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya gyara hularsa, ya ce, "Shi ke nan. Namu ne."

Dokar ka fi ni saninta. Da usur ya tashi ƙwallo ta mutu, ko da kuskure aka busa, kuma tun da ba ta hannun kowa a lokacin, waɗanda ta suɓuce wa su ke da zaɓi. Lyle ya je ya gaya wa Koci Aldrich na Harlow. Na ji kocin yana cewa, "Lyle, ka dubi Allah. Ka dubi yaran nan." Lyle ya ce, "Vern, littafin dokar ba ni na rubuta shi ba." Brandt Falls suka sake yunƙurin, suka durƙusa da ƙwallo, lokaci ya ƙare.

'Yan sanda biyu suka raka mu mota. Wani ya watso kofi, ya sami Duane a wuya. Ba mu tsaya cin naman da muka saba ba a hanya.

Jiya na je coci, yau na kai wasiƙu gida ɗari da sha tara kamar kullum. Ina ci, ina barci. Marlys tana ta dubana tana jiran wani abu, ban san mene ne ba.

Ka riƙa shan maganin a kan lokaci. Allah Ya ƙara lafiya.

Ɗanka,
Wendell


Otter Ford
25 ga Nuwamba, 1994

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kun yi bikin godiya lafiya, kuma Lorraine ba ta ƙona talotalon ba kamar bara. Mu nan Marlys ta dafa na mutum goma, mu biyu muka zauna a kansa. Na ci faranti biyu. Ta tambaye ni ko gishiri ya ji, ni kuwa ban ji ɗanɗanon komai ba.

Takardarka ta iso ranar Talata. Ni na ware ta da hannuna a gidan waya, na gane rubutunka, na sa ta a aljihu har na gama zagaye. Shafi biyu na rubuta maka, kai kuma ka amsa da layi ɗaya: "Ka gaya mini komai ban da abu guda, usur na wa?"

Nawa ne, Baba.

Ranar da ka ba ni usur ɗinka na tagulla, a bakin garejinmu, ka ce usur a hannu yake zama, ba a baki ba. Ka ce tsakanin hannu da baki akwai rabin sakan, kuma wannan rabin sakan ɗin shi ne alƙalanci gaba ɗaya. Ka ce mai tsayawa a tsakiya yana iya yin wasa uku bai busa ba, ba wanda zai yi kewarsa. "Sai ka ga fata," in ji ka. Sai idonka ya ga fatar ƙwallon a hannun wanda ya faɗi, sannan ka busa. Shekara ashirin da shida ina bin wannan, har ina koya wa sababbi da muryarka.

Ran nan na bar shi a baki. Na ga gwiwa a ƙasa cikin farin wando, na zaci mai ƙwallo ne ya faɗi, na busa. Gwiwar wani ce daban, wanda ya zo tare hanya. Ban ga fata ba.

Na nemi dalili ban samu ba. Na gaya wa kaina sanyi ne ya sa yatsuna suka ƙage, amma ina da safar hannu. Na gaya wa kaina na ji tsoron kada a karya wani yaro a ƙarƙashin tarin, har na fara yarda da wannan, sai na tuna cewa sai ranar Laraba tunanin ya zo mini. Gaskiyar ita ce wasan ya ƙare a kaina kafin ya ƙare a fili. Ina jin har na fara tunanin inda na ajiye makullin mota.

Da Lyle ya yi tambayarsa, na ji ta sarai. Bakina ne bai buɗe ba. Ban yanke shawarar yin shiru ba, na dai tsaya kamar mai jiran wani ya ba da amsa. Da ya ce namu ne, ka san al'adar: tare muke shiga, tare muke fita, mai farar hula ne kaɗai ke magana, ba a nuna wa 'yan kallo mutum ɗaya. Kai ma ka rufa wa wasu asiri da ita. Na shige cikinta na zauna.

Sai dai 'yan Harlow ba su jira a nuna musu ba. Jaridar garin ta buga hoton Duane a shafin farko, hannuwa sama, usur a baki, ido waje. Ni ina can gefe, rabin kafaɗa kawai ake gani. Ka san shagonsa na abincin dabbobi mil goma sha huɗu ne daga Harlow, kuma manomansu ne ke sayayya a wurinsa. Yanzu suna wuce shi zuwa wani gari. Wani ya tuno cewa matarsa Carol 'yar Brandt Falls ce, maganar ta zagaye gunduma cikin kwana biyu. An buge akwatin wasiƙunsa da sanda har sau biyu. An bar masa buhun usur na roba a ƙofar shago, irin na wasan yara. Carol ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙan coci.

Duk wannan daga bakin Lyle na ji. Ya faɗa mini a waya, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Abin bai yi daɗi ba." Ya ce, "Bai yi ba kam." Muka yi maganar farautar barewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba na jin komai. Na zaci kunya za ta hana ni barci. Ina kwanciya sai safe. Shekaranjiya na wuce akwatuna shida ban tsaya ba, sai da na juyo. Kai kaɗai na gaya wa, ko Marlys ba ta sani ba.

Ka gaishe da Lorraine. Kada ka ba ta wannan ta karanta maka, ka sa tabaranka.

Ɗanka,
Wendell


Otter Ford
6 ga Disamba, 1994

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata jikin da sauƙi. Ban sami amsa ba, kuma ban yi tsammani ba. Lorraine ta ce wa Marlys ka daina fita zagayen safe. Don Allah ka koma, ƙirjinka ba ruwansa da wannan magana.

Dusar ƙanƙara ta sauka ranar Alhamis, ta rufe hanyar arewa, na kai wasiƙu a makare.

Hukumar wasanni ta jiha ta kalli kaset ɗin. Daga saman rumfa aka ɗauka, sautin ba komai sai ihu, hoton kuma Duane ne yake shigowa a guje. Ni bayana kawai ake gani. Rahoton Lyle ya ce usur na alƙalai ne, bai kama suna ba. Su kuma suka ce ba za su iya dakatar da mutum biyar ba, don haka suka cire sunan Duane daga jerin masu hukunta manyan wasanni na shekara biyu. Shekararsa hamsin da tara, Baba, gwiwarsa ta hagu ta ƙarfe ce. Shekara biyu a wurinsa sallama ce.

Ranar Asabar na tuƙa zuwa shagonsa. Na ce wa Marlys tsabar tsuntsaye zan sayo. Ba kowa a ciki sai shi, yana jera buhunan da ba su buƙatar jerawa. Ya ɗago ya ce, "A'a, manyan baƙi. Mai gidan waya da kansa. Ka kawo mini wasiƙar zagi ne, ko yau hutu kake?" Ya zuba mini kofi, irin nasa mai kama da ruwan kwalta. Muka yi maganar farashin masara, da ɗansa da ke soja. Na sayi tsabar. Har na kai ƙofa na juyo na ce, "Duane, akwai abin da ban faɗa ba ran nan."

Bai ko ajiye buhun da ke hannunsa ba. Ya ce, "Wendell, dukkanmu mun koma usur na roba tun shekara biyar. A gundumar nan kaf mutum ɗaya ne ya rage da na tagulla mai ƙwaya a ciki, mai karkarwa kamar tsohuwar tukunyar shayi. Ko a kabari nake zan gane usur ɗin babanka."

Na ce, "Ashe ka sani."

Ya ce, "Na sani, Lyle ya sani, 'yan Amundsen sun sani, kuma su ko sunan matansu sai an tuna musu. Kana tsammani don me Lyle ya yi tambayar? Ƙofa ya buɗe maka."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa, da jarida, da hukuma, da duk abin da ake yi wa Carol. Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya hana shi sata. Ya ce, "Babanka ne ya sa ni a fili ranar farko. Ba ma nuna juna. Wannan ba nawa ba ne in faɗa." Ya ɗora buhun a kan 'yan'uwansa, ya daidaita shi, sannan ya ƙara da cewa, "Amma ban ce maka ba nauyi ba."

Kwana ashirin da ɗaya mutum huɗu suna kallona. Lyle ya bugo sau uku yana maganar barewa. Ni kuma ina zaune ina ganin na ɓuya.

Na dawo gida na zuba wa tsuntsaye tsaba, alhali kwanon a cike yake. Da muka zauna cin abincin rana na gaya wa Marlys. Ta ajiye cokali ta ce, "Na gode wa Allah. Na zaci likita ne ya gaya maka wani abu." Can kuma ta ce, "To Carol fa?" Ta kwashe kwanuka, har da nawa da ban gama ba.

Na rubuta wa hukumar jiya. Layi bakwai ne, ba kalmar sanyi, ba maganar tsoron rauni. Amma hukuma tana can Lincoln, babban birnin jiha, ba ita ke sayen abincin shanu ba.

Allah Ya ba ka lafiya.

Ɗanka,
Wendell


Otter Ford
12 ga Disamba, 1994

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Lorraine ta ce ka koma zagayen safe, har ka yi faɗa da maƙwabci a kan karensa. Na ji daɗi. Wannan takardar a cikin ƙaramin kwali za ta zo maka, ka karanta kafin ka buɗe ƙullin.

Ranar Asabar da safe na je Harlow. Ka tuna gidan abincin da ke kallon rumbun hatsi, mai dogon tebur a baya inda manoma ke zama tun ƙarfe bakwai suna gyara duniya? Nan na shiga. Lyle ya ce zai raka ni, tun da tare muke shiga. Na ce wannan karon ya bar ni.

Su goma sha biyu ne ko sha uku, har da Koci Aldrich, har da tsohon nan mai jar hula. An manna hoton Duane a jikin bango kusa da injin kofi, an zana masa dogayen kunnuwa. Ba wanda ya gane ni. Shekara ashirin da shida ina tsayawa a filinsu, amma ba riga mai ratsi ba ni da fuska. Mai kawo abinci ta ce, "Ina za ka zauna, bawan Allah?" Na ce ba zama zan yi ba.

Na faɗi sunana. Na ce ni ne alƙalin tsakiya ranar wasan Brandt Falls, ni na busa usur, Duane Hruska ya bi bayana ne kamar yadda aikinsa ya ce, kuma na san haka tun a fili na yi shiru wata guda. Na fito da usur ɗin na ɗora a kan tebur. Muryata ta fita daidai, kamar ina karanta adireshi.

Mai jar hula ne ya fara, ya ce, "To, ashe jakin da muka ɗaure ba shi ya ci gonar ba." Ba wanda ya yi dariya. Koci Aldrich ya juya kofinsa sau biyu ya ce, "Malam, da ran nan ka faɗa, da na zage ka tas, da yanzu na huce. Yanzu ka sa sai na sake sabon lale." Na ce haka ne. Wani daga ƙarshen tebur ya faɗi wata kalma a kaina da ba zan rubuta maka ba. Ita ma na ce haka ne.

Sai wani dogo mai hannuwa kamar tushen itace ya miƙe. Ya ce shi ne Dvorak, mahaifin mai lamba arba'in da huɗu. Ya ce, "Ɗana ya yi yadi sittin da takwas. Tun ran nan bai taɓa ƙwallo ba, ko da ƙanensa a bayan gida. Abu ɗaya nake so. Ka faɗa a gaban mutanen nan cewa ya ci."

Baba, na so in faɗa. Ba abin da zai rage ni da shi. Amma na riga na yi hukunci sau ɗaya a kan abin da ban gani ba. Na ce, "Ba zan iya cewa ya ci ba. Ƙwallo ta mutu kafin ya ɗauke ta. Abin da zan iya cewa shi ne ni na kashe ta, kuma ba abin da ɗanka ya yi da ba daidai ba. Da na bar usur a hannu, ba wanda zai kamo shi."

Ya ce, "Ku dai da littafin nan naku." Sannan ya ce, "Gidana ne na uku bayan gada. Ka je ka faɗa masa haka da bakinka, kalma da kalma." Na je. Yaron ya saurara a tsaye a bakin rumfar shanu, ya ce, "To, yallaɓai," ya koma aikinsa. Ban san abin da ya ɗauka ba.

Kafin in bar gidan abincin, matar nan ta cire hoton daga bango, ta ninke shi, ta sa a aljihun gabanta. Ba ta dube ni ba. Jaridar garin za ta buga takardar da na rubuta mata ranar Alhamis. Duane ya bugo jiya ya ce a-kori-kura biyu daga Harlow sun tsaya a shagonsa, ɗaya ya sayi gishirin shanu, ɗayan ya tsaya yana ta maganar yanayi har ya ishe shi. Ya ce, "Biyu ba goma ba ce, amma Carol ta yi waƙa yau." Hukuma ba ta amsa ba tukuna. Lyle yana ganin za su mayar da sunan Duane su cire nawa, wanda shi ne daidai.

A hanyar dawowa, wajen mil ashirin daga Harlow, sai na kasa ci gaba da tuƙi. Na gangara gefen hanya na kashe mota. Gonakin duk fari, ba kowa sai hankaki. Na zauna kusan rabin awa. Abin da ban ji ba wata guda ya zo gaba ɗaya, kuma ba shi da daɗi ko kaɗan. Da ya lafa sai na ji yunwa. Marlys ta sa mini kolaci biyu a takarda, burodin nan nata mai zaƙi, na cinye su, na ji ɗanɗanon 'ya'yan itacen da ke ciki. Tun ranar wasan ban san abin da nake ci ba.

Lyle ya ce ko me hukuma ta yanke, wasannin ƙananan aji na ranar Talata kullum suna neman mai tsayawa a tsakiya, ba 'yan kallo sai iyaye mata da karnuka. Ban ba shi amsa ba.

Usur ɗinka ne a ƙullin. Na wanke shi, na sa masa sabuwar igiya. Ban aiko don ka tausaya mini ba, kuma ba ina cewa na gama ba ne. Kai ka ba ni shi da sharaɗi, na karya sharaɗin, hukuncin naka ne. Ka ɗauki lokacinka, ka duba da kyau kafin ka yanke. In ka ga ya zauna a wurinka, ya zauna. In ka ga ya dawo, ka san adireshin, kuma ka san wanda zai ɗauko shi daga gidan waya ya kawo har ƙofa.

Marlys tana gaishe ka. Ka gaishe da Lorraine da mijinta, ka ƙyale karen mutane.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Wendell Kubicek